Abin da Ke Cin Ƙarfe a Ƙarƙashin Tamfol

Duk wanda ya nemi shawara a intanet kan irin rufin da ya dace a lulluɓe abin gashin nama da shi zai tarar da bayanai jingim, kuma mafi yawansu an rubuta su ne domin mazauna bakin teku. Mai gida a Fulorida ake nufi, ko a Kef Tawun, ko kuma idan an matso kusa, mazaunin Lekki wanda iskar Atilantika ke yayyafa wa gishiri a baranda dare da rana. Shawarar kusan iri ɗaya ce ko'ina: a sayi ƙarfen da ba ya saurin tsatsa mai lamba 316, a nemi rufi mai maɗauri wanda iska ba za ta ɗauke ba, a riƙa ɗauraye komai da ruwan daɗi. Ma'aikacin da ya sayi abin gashi domin naman layya, ya kai shi gidansu na Paki ko Hunkuyi ya ajiye a tsakar gida, yana iya karanta wannan ya ce ba da shi ake ba. Tsakanin Ikara da teku akwai fiye da kilomita 600.

Da shi ake. Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan tana da nata gishirin, tana da tata iskar, kuma ƙarfen da ke kwana a waje a can ya fi abin gashin ma'aikaci yawa da daraja: ragar mai balangu, rabin gangar mai gasa kaji, injin ban ruwa a fadama, injin matse rake na masu mazarƙwaila, janareta a bayan shago, injin niƙa, babur. Mafi yawan waɗannan ana rufe su da abin da hannu ya kai gare shi, kuma ma'aunin da ake zaɓen rufin da shi guda ne, wato kauri da hana ruwa shiga. Wannan ma'auni gurgu ne. Rufin da ya toshe ko'ina yakan zama abokin aikin tsatsa, har ƙarfen da aka lulluɓe da kyakkyawar niyya ya riga wanda aka ajiye a buɗe ƙarƙashin rumfa lalacewa.

Tsatsa tana buƙatar abu uku: ƙarfe, iska da ruwa. Ba dole ruwan ya zama na sama ba, siririn danshin da ido ba ya gani ma ya wadatar. Masana sun daɗe da lura cewa muddin laimar iska tana ƙasa da kashi 60 cikin 100, ƙarfe mai tsabta kusan ba ya tsatsa. Gishiri ne ke rusa wannan kariya, ta hanya biyu. Yana zuƙo ruwa daga iska da zarar laima ta kai wajen kashi 75, ya narke ya jiƙa wurin da yake kwance ko da ba a yi yayyafi ba. Sannan yana mayar da ruwan mai saurin ɗaukar lantarki, alhali tsatsa kanta ƙaramin aikin lantarki ce irin wanda ke gudana a cikin batir. Sinadarin kuloraid da ke cikinsa kuma yana huda siririyar fatar da ke kare ƙarfen da ake kira marar tsatsa, abin da ya sa mazauna gaɓar teku ke biyan kuɗi mai yawa kan lamba 316 maimakon 304 da aka fi sani. Asarar ba ƙarama ba ce: a 2016 ƙungiyar masana tsatsa ta NACE International ta ƙiyasta cewa lalacewar ƙarfe tana cin duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara, kimanin kashi 3.4 cikin 100 na dukiyar da ake samarwa.

To, ina gishiri zai fito a Makarfi? Na farko daga hannun mai nama. Yajin tsire ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta, amma kuma gishiri ne da dunƙule, shi ma dunƙulen rabinsa ko fiye gishiri ne. Kowane dare kitse yana narkewa ya gangaro da wannan haɗi ya manne a waya, ya ɗiga cikin gangar. A ƙasan gangar toka tana jira. Matan da ke tace ruwan toka domin miya ko sabulun salo sun san ƙarfinta. Toka tana jan danshi, ta riƙe shi a jikin ƙarfe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Shi ya sa gindin gangar ne ke fara hujewa, daidai inda ruwan sama bai taɓa sauka ba.

Na biyu, wanda ya fi girma kuma ba a cika tunawa da shi ba, shi ne takin zamani. Wannan yanki na noma ne damina da rani: masara, rake, tumatir, attarugu, albasa, ga kuma inabin da ya fito da sunan Kudan a 'yan shekarun nan. Tun 1981 aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara saboda yawan abin da fadamun yankin ke bayarwa. Duk wannan noma da taki yake tafiya. Fotash ɗin da ke cikin takin kamfa galibi kuloraid ne, ɗan'uwan gishirin teku na jini. Yuriya kuwa tana fara shan ruwa daga iska tun laima ba ta kai kashi 75 ba, kuma duk manomin da ya taɓa barin bakin buhunta a buɗe cikin marka ya ga yadda take jiƙewa ta dunƙule. Yanzu a dubi abin da ake yi da buhun bayan an juye takin. Ana farke shi, a haɗa da wasu a ɗinke, a sami shimfiɗar shanya ko rufi kyauta. Da shi ake lulluɓe injin ban ruwa idan an tashi daga aiki, da shi ake rufe famfon feshi da garma. Tattali ne abin yabo, sai dai idan ba a wanke buhun ba, gishiri aka shimfiɗa wa injin da hannu, a wuri mafi laima a gari, wato bakin fadama. Teku bai yi wa mutumin Lekki fiye da haka ba.

Bambancin da ke tsakanin bakin teku da arewacin Kaduna shi ne can abokin gaba ɗaya ne shekara duka, nan kuwa uku ne, kowanne da lokacinsa, kuma abin da ke maganin ɗaya yana iya ciyar da ɗaya.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu ke mulki. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi, laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, kuma tsatsa tana barci. Ƙurar ce matsala. Laushinta ya sa tana shiga inda yashi ba ya shiga, ta toshe matatar iskar inji, ta gauraya da baƙin mai ta zama abin da ke goge ƙarfe daga ciki. Wadda ta kwanta a kan raga ba ta cutar da ita nan take, jira take yi danshin farko ya zo ta riƙe shi. A wannan lokaci kuma rana ke cin leda. Shuɗin tamfol mai araha da aka saƙa da zaren roba, idan ba a haɗa shi da sinadarin kariya daga hasken rana ba, yakan bushe ya fara zubar da gari, ya yage a hannu kamar tsohuwar takarda.

Sai bazara ta ƙare da hadarin gabas. A nan ne shawarar mutanen teku ta fi amfani, domin iskar da ke share wa ruwan farko hanya a watan Afrilu da Mayu ba ta da ladabi. Ita ce ke yaye kwanon makarantu da masallatai kowace shekara. Akwai lissafi guda da ya kamata duk mai rufe kaya ya riƙe: ƙarfin da iska ke bugun abu da shi yana ninkuwa sau huɗu idan gudunta ya ninku sau biyu. Rufin da ya zauna lafiya watanni biyar yana iya tashi cikin minti ɗaya. Kuma ba tashinsa kaɗai ne abin tsoro ba. Tamfol mai yalwa da aka ɗaure sako-sako yana cika da iska ya kumbura, ya ja abin da ke ƙarƙashinsa ya kifar, musamman rabin ganga mai dogayen ƙafafu ko babur a kan jak. Idan bai kifar ba, yana kaɗawa yana bugun kusurwoyi har ya kankare fenti, ya buɗe wa tsatsa ƙofa a wuraren da aka yi walda. Dabarar da aka saba, ta ɗora dutse ko bulo a sama, tana danne tsakiya ne ta bar gefuna, alhali ta ƙasa iska ke shiga. Igiya biyu da aka zagayo ta ƙarƙashin abin aka ɗaure tamau, ko robar da aka yanko daga tsohuwar tayar ciki, sun fi bulo huɗu aiki.

Na uku shi ne damina, kuma a nan ma'aunin kauri ke yaudarar mutane. Ruwan da ke sauka a ƙasar Zazzau yana kai wa wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma a watan Agusta iskar safiya tana cike da laima. Mai kaya ya sayi leda mai kauri, ya lulluɓe injinsa har ƙasa, ya tusa gefuna, ya tafi da kwanciyar hankali. Da rana ta ɗan fito, ƙasar da ke ƙarƙashi ta fitar da tururi, tururin ya rasa mafita. Da dare ƙarfe ya yi sanyi, tururin ya koma ruwa ya kwanta a jikinsa, ledar ma ta yi gumi ta riƙa ɗigowa daga ciki. Gobe haka, jibi haka. Injin da ruwan sama ya jiƙa a fili yana bushewa da hantsi; wanda ke cikin leda ba ya bushewa sai kaka. Idan kuma akwai gishirin yaji ko burbushin taki a jikinsa, an haɗa masa bakin teku a cikin tafin hannu.

Abin mamaki, amsar wannan tana tsaye a kusan kowane gida a Likoro da Gubuchi da Auchan, kuma ta girmi tamfol da ɗaruruwan shekaru. Rumbu ne. An ɗora shi a kan duwatsu domin kada gindinsa ya sha danshin ƙasa. An kifa masa jinka mai gangara wadda ruwa ke zamewa a kanta, bakinta ya zarce jikin rumbun domin ɗigon ya faɗi nesa. Ciyawar tana hana ruwa amma ba ta hana numfashi. An kuma ɗaure ta, ba ɗora ta kawai aka yi ba. Wanda ya gina rumbu bai san kashi nawa laima take ba, amma ya san hatsin da bai sha iska ba yana ruɓewa. Haka ita ma tukubar tsire ta gargajiya, tudun ƙasa da toka da ake kafa tsinke a kewayensa, ba ta taɓa sanin tsatsa ba. Ƙarfe ne baƙo a sana'ar, ya zo da larurarsa, kuma ba a koya wa kowa renonsa ba.

Idan aka ɗauki darasin rumbu zuwa kasuwa, tambayoyin mai saye za su sauya. Zai fara da tsawo: rufin ya tsaya kamar taƙi ɗaya kafin ƙasa, domin iska ta riƙa ratsawa. Zai nemi kafar numfashi a sama, a ɓangarori biyu, kowace da ɗan marfi mai kallon ƙasa, wanda ke fitar da tururi ya kuma rage kumburin da iska ke yi. Zai duba ɗinki kafin yadi, domin ta nan rufi ke mutuwa, ya tabbata an ninka baki, an ƙarfafa kusurwa, kuma hudojin igiya ba a fatar leda ɗaya aka huda su ba. Nauyin yadi, wanda ake aunawa da giram a kowane murabba'in mita, yana da amfani wajen jure iska da rana, amma ba ya cewa komai game da gumi. Launi mai haske ya fi baƙi, saboda baƙi yana dafa tiyo da wayoyin inji a zafin Maris.

Game da yadin kansa, tamfol irin na manyan motoci da aka yi da zaren auduga ko haɗinsa shi ne ya fi kusa da jinka: zarensa yana kumbura ya toshe idan ya jiƙe, ya saki idan ya bushe. Aibinsa nauyi da tsada, da kuma fumfuna idan aka naɗe shi da danshi. Mai rufin roba mai santsi yana daɗewa kuma ba ya yoyo, amma ba ya numfashi ko kaɗan, don haka sai da kafa. Tsofaffin allunan talla da na 'yan siyasa, waɗanda ke cika kasuwa bayan kowane zaɓe, wannan iri ne, kuma babu laifi a ce wasunsu sun fi yin aiki a kan injin niƙa fiye da yadda suka yi a kan titi. Duk cikin waɗannan, rufin da tela ya auna ya ɗinka daidai jikin abin ya fi wanda aka yi oda daga waje a kan ma'aunin wani abin gashi na Amurka. Masu ɗinkin tamfol da kujerun mota suna nan a Zariya da Kano, aikin ba baƙo ba ne a wurinsu. Abin da ba su saba ji ba shi ne mai saye ya ce a bar masa kafa.

Akwai hujjoji biyu da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce kuɗi. Mai balangun da cinikinsa na dare bai wuce abin cefane ba zai ce leda ta ɗari biyar yake iya saye yau, tamfol ɗin tela kuwa sai wanda ya ci ya ƙoshi. Gaskiyarsa. Amma mafi yawan abin da ke ceton ƙarfe ba a saye shi. Kwashe toka kafin a tashi, kankare raga tun tana da ɗumi, shafa mata ɗan man gyaɗa, ɗora ƙafafun ganga a kan bulo, wanke buhun taki a shanya shi kafin ya zama rufi, tsiyaye ruwan cikin famfo idan an gama noman rani: babu wanda ya kai kuɗin tsire ɗaya. Ko ledar ma, idan aka gajarta ta aka ɗaure ta da kyau, aka sa ɗan kara ko gwangwani tsakaninta da ƙarfe domin kada ta manne, ta rage rabin sharrinta.

Hujja ta biyu ta fi wuya. Hunturu yana neman a toshe ko'ina saboda ƙura, damina tana neman a buɗe saboda gumi, to rufi ɗaya zai yi aikin biyu? Ba zai yi daidai ba, kuma duk ɗan kasuwar da ya ce nasa na yi yana sayar da baki ne. Sauƙin abin shi ne lokutan ba sa haɗuwa. A hunturu babu laimar da za a ji tsoron tarewa, don haka ana iya sakin rufi har ƙasa a toshe kafa; ko tsohon zanen gado ya isa tare ƙura. Da an ga hadarin farko sai a goge ƙurar da ta taru, a naɗe gindin rufin, a buɗe kafa, a ƙara igiya. Manomin da ya san ranar da zai sauya iri bai kamata sauya ɗaurin tamfol sau biyu a shekara ya gagare shi ba.

Wani abu kuma da ya wuce maganar dukiya: kada a rufe abin da bai huce ba. Leda tana narkewa a zafin da bai wuce na tafasasshen ruwa da yawa ba, garwashi kuwa yana iya kwana da rai a cikin toka har washegari. A hunturu, kusa da dangar kara da tarin harawa, wannan gobara ce ake wa shimfiɗa. Janareta mai aiki ba a lulluɓe shi ko da ana ruwa. Sannan rufin da aka manta da shi watanni, mai ƙamshin kitse a ciki, ɗaki ne aka gina wa ɓera, wanda ke cin wayar inji, wani nau'insa kuma yake ɗauke da zazzaɓin Lassa. A ɗaga shi lokaci-lokaci a duba.

Maganar tana da wani ɓangare da ya shafi masu karatu da ke zaune a ofis, waɗanda ke tsara rabon kayan tallafi ko sayen kayan ƙungiyoyin manoma. Tun daga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira da ya biyo baya, duk wani inji da ake shigowa da shi ya yi tsadar da maye gurbinsa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Duk da haka, a takardun sayen kaya akan lissafa injin, a lissafa tiyo, a lissafa kuɗin taron rabo da rumfunan baƙi, ba a cika ganin layin da ya ce ga inda injin zai kwana ba. Kwano huɗu da ginshiƙai huɗu da daɓe mai ɗan tudu sun fi kowane irin tamfol, domin rumfa tana tare ruwa da rana ta bar iska ta yi aikinta, kuma kuɗinta ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin abin da za ta kare. Inda rumfa ba za ta yiwu ba, kamar famfon da ake yawo da shi tsakanin rijiyoyin fadama, a haɗa kowane inji da rufin da aka ɗinka daidai da shi, mai kafa da igiya, a ba telolin Ikara da Makarfi da Hunkuyi aikin, a kuma ce wa malamin gona ya ƙara jumla ɗaya a bayaninsa ranar rabo: a wanke buhun taki kafin a kusantar da shi ga ƙarfe.